Gaon

Gaon (da Ibrananci: גאון, jam'insa Geonim) laƙabi ne na girmamawa da Yahudawa suka riƙa bai wa shugabannin manyan makarantunsu biyu na ƙasar Babila, wato Iraƙi ta yau, daga wajen ƙarshen ƙarni na 6 zuwa tsakiyar ƙarni na 11 miladiyya. Makarantun su ne Sura da Pumbedita. A tsawon wannan lokaci, wanda ya kai shekara ɗari huɗu da hamsin, Geonim ne ake komawa gare su kan sha'anin shari'ar Yahudawa, tun daga Farisa da Yaman har Arewacin Afirka da Andalus. Saboda haka ne masana tarihi ke kiran lokacin "zamanin Geonim". Daga baya shugabannin makarantar Falasɗinu da wasu na Bagadaza da Masar sun ɗauki laƙabin, sannan a hankali ya rabu da muƙami, ya zama kirarin da ake yi wa duk malamin da ya yi fice. A Ibranancin yau ma'anarsa ita ce haziƙi, mutum mai baiwar ƙwaƙwalwa.

Ma'anar kalmar

Kalmar ta fito ne daga tushen da ke nufin tashi sama ko ɗaukaka. A littattafan Ibrananci na dā ana samunta da fuska biyu. Idan ana maganar Ubangiji, tana nufin girma da buwaya, kamar yadda ta zo a littafin Fitowa. Idan kuma ana maganar ɗan Adam, sau da yawa girman kai take nufi, kamar a littafin Karin Magana. A littafin Irmiya ma an yi amfani da ita wajen kwatanta duhuwar itatuwan da ke bakin kogin Urdun.

Laƙabin da aka bai wa malaman taƙaitawa ce ta wani suna mai tsawo, rosh yeshivat geon Ya'akov, ma'ana "shugaban makarantar da ita ce abin alfaharin Yaƙub". Kalmomi biyun ƙarshe sun samo asali ne daga Zabura ta 47, kuma Yaƙub a nan na nufin Bani Isra'ila baki ɗaya. Wato tun farko makarantar ce abin alfaharin, shugabanta kuwa daga baya ne baki ya gajarta sunan ya manna masa. Da Aramiyanci ana kiran mai muƙamin resh metivta, marubutan Larabci kuma suka ce ra'as al-masiba, duka da ma'anar shugaban makaranta.

Wasu malaman baya sun kawo wani bayani na hisabi. Haruffan kalmar guda huɗu suna da lambobi 3 da 1 da 6 da 50, jimla 60, wanda shi ne adadin sassan Talmud a tsohon lissafi. Suka ce Gaon shi ne wanda ya haddace sassan nan sittin. Bayanin yana da daɗin ji, amma ƙawa ce aka yi wa kalmar bayan ta daɗe ana amfani da ita.

Sura da Pumbedita

Makarantun biyu sun girmi laƙabin da ƙarnuka. Bisa ga riwayar Yahudawa, malamin nan Abba Arika, wanda aka fi sani da Rav, shi ya kafa ta Sura wajen shekarar 220, a gefen kogin Furat, kudu da tsohon birnin Babila. Ta Pumbedita kuwa, wadda ke kusa da inda Falluja take a yau, Yehuda bar Yehezkel ne ya kafa ta bayan an rushe birnin Nehardea a shekarar 259. Daga muhawarorin malaman waɗannan wurare da makamantansu aka tattara Talmud na Babila.

Yahudawa suna kasa malamansu bisa zamani. Akwai Tanna'im, waɗanda suka samar da Mishna, sai Amora'im, ma'abota Talmud, sai Savora'im da suka yi masa gyare-gyaren ƙarshe, sai Geonim. Bayansu ne aka yi Rishonim, wato na farko, da Aharonim, na baya. Matsayin Geonim a wannan jeri shi ne na waɗanda suka karɓi littafi kammalalle, aikinsu ya zama koyar da shi, da fassara shi, da fitar da hukunci daga cikinsa.

Tsayar da ranar da zamanin ya fara abu ne mai wuya, domin kusan duk abin da aka sani game da Geonim na farko ya fito ne daga tushe guda, wato wasiƙar Sharira Gaon ta shekarar 987. A cikinta an nuna cewa makarantun sun rufe na wani lokaci saboda tsanantawar sarakunan Sasaniyawa, sannan Pumbedita ta sake buɗewa a 589 ƙarƙashin Hanan na Iskiya. Wannan shekara aka saba ɗauka a matsayin mafari. Sai dai masana da dama na ganin Sharira ya yi amfani da laƙabin zamaninsa ne wajen ambaton mutanen da watakila ba a kira su da shi ba a rayuwarsu, kuma muƙamin bai yi ƙarfin da aka san shi da shi ba sai bayan zuwan Musulunci.

Zuwan Musulunci ya canja al'amura ƙwarai. Kafin nan Yahudawa a rabe suke tsakanin daular Farisa da ta Rumawa, biyun kuma ba sa ga maciji. Bayan buɗe Iraƙi da Sham da Masar da Magrib, mafi yawan Yahudawan duniya suka samu kansu ƙarƙashin mulki ɗaya, da hanyoyin fatauci ɗaya, daga baya kuma da harshe ɗaya. Sharira ya ruwaito cewa lokacin da Halifa Aliyu ɗan Abi Ɗalib ya iso Firuz Shabur, wato Anbar, shugaban makaranta Mar Yitzhak ya fita tarbarsa, halifan kuma ya karɓe shi da fara'a. Da Abbasiyawa suka gina Bagadaza a 762, sai makarantun suka wayi gari a ƙofar babban birnin daula. A ƙarshen ƙarni na 9 Pumbedita ta ƙaura zuwa cikin Bagadaza, Sura ta biyo baya a ƙarni na 10, amma kowacce ta riƙe tsohon sunanta.

Naɗi da tsarin makaranta

Muƙamin Gaon ba gado ne kai tsaye daga uba zuwa ɗa ba, amma a zahiri yana zagawa ne a tsakanin gidaje kaɗan, kuma shekaru da daɗewa a makaranta sun fi hazaƙa tasiri wajen zaɓe. Wannan ya sa da yawa suka hau kujerar da tsufa, suka yi shekara biyu ko uku suka rasu. Akwai kuma hannun wani babba a ciki, shi ne resh galuta, wanda Larabawa ke kira ra'as al-jalut, shugaban Yahudawan zaman baƙunci. Shi daga gidan da ke danganta kansa da Annabi Dawuda yake fitowa, shi ne kuma wakilin al'ummar a fadar halifa. Yakan sa baki wajen naɗa Gaon, su ma Geonim sukan sa baki wajen naɗa shi, don haka rigima ba ta ƙarewa a tsakaninsu. Misali sananne shi ne na Ahai na Shabha, marubucin littafin She'iltot a ƙarni na 8. An tsallake shi aka naɗa wanda bai kai shi ilmi ba, sai ya tattara ya koma Falasɗinu.

An raba ƙasar gida uku ta fuskar iko. Kowace makaranta tana da yankinta, resh galuta ma yana da nasa, kuma a yankinsa kowanne ke naɗa alƙalai yana karɓar kuɗin shekara. Sauran kuɗin shiga kuwa kyauta ce daga al'ummomin nesa. Wani tsohon bayani ya ce Sura ce ke da fifiko da farko, shugabanta ke zama a hannun daman resh galuta, kuma ita ke ɗaukar kashi biyu cikin uku na kyautar da aka aiko ba tare da an ambaci makaranta ba, kafin daga baya a koma raba daidai.

Mafi cikakken bayanin yadda ake zama a makarantar ya fito ne daga wani mutum mai suna Natan Bababile, wanda ya ba da labarinsa a ƙarni na 10. A cewarsa, Gaon kan zauna yana fuskantar malamai saba'in, a sahu bakwai, kowane sahu mutum goma. Na biyu a daraja shi ne av bet din, shugaban kotu, wanda galibi shi ke gadon kujerar. Kowa yana da mazauninsa, kuma mazaunin ma ana gadonsa idan ɗan ya cancanta. A bayan sahun nan akwai ɗaruruwan ɗalibai da ba su da wurin zama na dindindin.

Sau biyu a shekara, a watan Adar, ƙarshen hunturu, da watan Elul, ƙarshen rani, ana yin babban taro na wata guda da ake kira kalla. Ɗalibai kan zo daga garuruwansu bayan sun yi wata biyar suna nazarin sashen Talmud da aka sanar musu a taron baya. A makon ƙarshe Gaon kan jarraba su ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka ga ya yi sakaci, sai a tsawata masa a rage masa kuɗin tallafin da yake karɓa. A taron Adar ne kuma ake fito da tambayoyin da suka taru daga ƙasashe, a tattauna su, sannan Gaon ya yi wa magatakarda shiftar amsa.

Fatawoyi

Babban abin da ya ɗaukaka Geonim shi ne waɗannan amsoshi, da ake kira teshuvot. Duk wanda ya san tsarin fatawa a Musulunci zai gane su nan take: jama'a ta rubuto tambaya, malami ya amsa da hujja, a kwafi amsar a adana ta don gaba. Tambayoyin sun shafi aure da saki, gado, ciniki, tsarin addu'a, abinci, da ma'anar kalmomin Talmud da suka shige wa mutane duhu, musamman waɗanda Aramiyanci ba harshensu ba ne.

Ana haɗa tambayoyi da yawa a ƙunshi ɗaya, tare da kyautar kuɗi, a bai wa fatake. Wasiƙa daga Andalus kan bi ta Ƙairawan, ta wuce Fusɗaɗ a Masar, ta ratsa Sham zuwa Bagadaza, kuma zuwa da dawowa na iya cin shekara guda ko fiye. A Fusɗaɗ wakilan makarantun kan kwafi takardun kafin su wuce gaba, abin da ya ceci da yawansu daga ɓata. Garuruwan da suka fi aiko tambaya sun haɗa da Ƙairawan da Gabis a Tunisiya ta yau, da Fas, da Tilimsan, da Tahart, da Lusena a Andalus. Har daga Sijilmasa an aika, garin nan na bakin hamada da ayarin zinariyar Afirka ta Yamma ke sauka.

Da farko ana amsawa da Aramiyanci ko Ibrananci, a taƙaice, wani lokaci kalma biyu kawai, halal ko haram. Daga ƙarni na 10 amsoshin suka yi tsawo, kuma Larabci ya shigo. Larabcin nan da haruffan Ibrananci ake rubuta shi, kwatankwacin yadda aka rubuta Hausa da haruffan Larabci a ajami. Dubban fatawoyi sun tsira har yau, kuma kaso mai yawa daga cikinsu na Sharira ne da ɗansa Hai.

Wasu amsoshin sun girma har sun zama littattafai. Natronai bar Hilai na Sura ya aika wa mutanen Lusena jerin addu'o'in yabo ɗari da ake so Bayahude ya yi kullum. Amram bar Sheshna, wanda ya rasu wajen 875, ya aika wa wata al'umma a Andalus cikakken tsarin addu'o'in shekara, kuma wannan rubutu, Seder Rav Amram, shi ne littafin addu'ar Yahudawa mafi tsufa da ya zo a jere daga farko zuwa ƙarshe. An kuma ruwaito cewa Paltoi bar Abaye na Pumbedita ya aika wa Andalus kwafin Talmud tare da bayani.

Geonim ba su cika kafa sabuwar doka ba, sun fi son a gan su a matsayin masu isar da abin da suka tarar. Amma akwai dokoki biyu da suka fito fili suka kafa, kuma dukansu suna nuna yadda rayuwa ta canja. Ta farko, wajen shekarar 650, ta shafi matar da ta ƙi zama da mijinta. Talmud ya ce a jira wata goma sha biyu kafin a raba auren, su kuwa suka ce a tilasta wa mijin ya sake ta nan da nan. Bayanin da aka bayar daga baya shi ne tsoron kada matan su kai ƙara kotunan da ba na Yahudawa ba. Ta biyu, wajen 787, ta ba da damar biyan bashin mamaci da haƙƙin matarsa daga dukiyar da ake iya ɗauka, kamar kuɗi da haja. A dā daga ƙasa da gidaje kaɗai ake biya, amma a lokacin mafi yawan Yahudawan Iraƙi sun bar noma sun koma birni da kasuwa, ba su da gonar da za a riƙe.

Abokan hamayya

Ikon Geonim bai samu ba tare da ja-in-ja ba. Falasɗinu tana da nata Talmud ɗin, da nata al'adun ibada, da tata makarantar, wadda ta zauna a Ɗabariya kafin ta koma Ƙudus. Shugabanninta ma sun kira kansu Gaon, kuma suna ganin su suka fi cancanta da sunan. Yehudai Gaon, makahon malamin da ya shugabanci Sura daga 757 zuwa 761, ya yi ƙoƙarin jawo mutanen Falasɗinu su bi hukuncin Babila, ba su saurare shi ba. Wajen shekarar 800 wani almajirin almajirinsa mai suna Pirkoi ben Baboi ya rubuta wa al'ummomin Magrib da Andalus wasiƙa mai zafi, yana cewa al'adun Falasɗinu sun gurɓace ne saboda tsanantawar Rumawa.

Ɗaya ɓangaren hamayyar ya fi tsanani, domin shi tushen ya taɓa. A ƙarni na 8 Anan ben Dawid, ɗan gidan resh galuta, ya ƙi yarda da ikon malaman Talmud. Mabiyansa da wasu ƙungiyoyi masu irin ra'ayinsa suka haɗu daga baya suka zama Ƙara'iyawa, waɗanda ke cewa rubutaccen littafi kaɗai ne hujja, riwayar baka ba hujja ba ce. A ƙarni na 10 suna da manyan malamai a Ƙudus da Iraƙi, kuma sun riga Geonim shiga fagen tafsiri.

Sa'adiya Gaon

Wanda ya fi kowa suna a cikin Geonim shi ne Sa'adiya ben Yosef, wanda Larabawa suka sani da Sa'id bin Yusuf al-Fayyumi. An haife shi a yankin Fayyum na Masar a 882, ya rasu a Bagadaza a 942. Baƙo ne, ba ɗan gidajen da suka saba riƙe kujerar ba, kuma abin da ya fito da shi shi ne rikicin kalanda na 921 zuwa 922. A wannan shekara shugaban makarantar Falasɗinu, Ben Meir, ya sanar da lissafin da ya saɓa wa na Babila, har idin Ƙetarewa na 922 ya faɗo ranar Lahadi a wajensa, ranar Talata a wajen mutanen Iraƙi. Bambancin kwana biyu ne, amma yana nufin wasu na cin gurasa mai yisti a ranar da wasu ke ganin haramun ce. Sa'adiya ya tsaya wa Babila da alƙalaminsa, kuma lissafinta ne ya yi rinjaye daga ƙarshe.

A 928 resh galuta Dawid ben Zakkai ya naɗa shi Gaon na Sura, wadda a lokacin ta yi rauni har ana maganar rufe ta. Shekara biyu kacal suka yi lafiya. Wata shari'ar gado ta taso, Dawid ya nemi Geonim biyu su sa hannu a hukuncinsa, na Pumbedita ya sa, Sa'adiya ya ƙi. Dawid ya tsige shi ya naɗa Yosef bar Satya, shi kuma Sa'adiya ya tsige Dawid ya naɗa ɗan'uwansa Yoshiya. Attajiran Bagadaza suka rabu biyu, maganar ta kai fadar halifa, Sa'adiya ya sha kaye ya koma gefe. Ba a sasanta su ba sai 937.

A shekarun da yake gefe ne ya rubuta Kitab al-Amanat wal-I'itiƙadat, a 933, littafin farko da ya tsara aƙidar Yahudanci bisa hujjar hankali, kuma tasirin malaman Mu'utazila a bayyane yake a tsarinsa. Ya fassara Attaura da wasu littattafai zuwa Larabci, fassarar da Yahudawan Yaman suka ci gaba da karantawa har ƙarni na 20. Ya rubuta ƙamus na Ibrananci tun yana ɗan shekara ashirin, da nahawu, da littafin addu'a, da raddi ga Ƙara'iyawa, da ƙananan littattafai kan gado da shaida da amana. Kafin shi Geonim ba sa rubuta littafi mai babi-babi da gabatarwa da sunan marubuci, shi ya shigo da wannan salo daga Larabawa. Marubutan Musulmi sun san shi: Mas'udi ya ambace shi, Ibn Nadim kuma ya jera littattafansa a Fihrist.

Sharira da Hai

Bayan rasuwar Sa'adiya, Sura ta rufe kusan shekara arba'in. Pumbedita ce ta riƙe tutar, musamman daga 968 da Sharira ya hau kujera. A 987 Yaƙub ben Nissim ya rubuto masa a madadin malaman Ƙairawan, yana tambayar yadda aka rubuta Mishna da Talmud, da jerin malaman da suka biyo baya. Amsar ita ce wasiƙar da aka ambata a sama, wadda ta dogara da kundin ajiyar makarantar da abin da ya ji daga magabata. A daidai wannan lokaci Ibn Abi Zaid, mai Risala, yana raye a Ƙairawan ɗin, domin a 996 ya rasu. Garin cibiya ce ta fiƙihun Malikiyya, cibiya ce kuma ta ilmin Yahudawan Magrib.

Sharira ya daɗe ƙwarai, an ce ya kai shekara ɗari, kuma tun yana raye ya miƙa kujerar ga ɗansa Hai, wanda aka haifa a 939. Da Sura ta sake buɗewa, Shamu'el ben Hofni ya shugabance ta, ya aurar da 'yarsa ga Hai, suka daidaita kan rabon kuɗin shiga. Shamu'el ya bi sawun Sa'adiya wajen rubutu da Larabci da fifita hankali, ya rasu a 1013. Hai kuwa ya rubuta littafi kan hukuncin saye da sayarwa, da wani kan rantsuwa, da ƙamus mai suna al-Hawi. An ruwaito cewa wata rana da aka yi saɓani kan ma'anar wata aya ta Zabura, ya aiki wani baƙon malami daga Sikiliya ya je ya tambayi shugaban Kiristocin Bagadaza yadda suke fassara ta. Da ɗan aiken ya nuna ƙyama, sai Hai ya tsawata masa cewa magabata ba su ƙi tambayar kowa kan ma'anar kalma ba.

Wasiƙun wannan zamani suna cike da kuka kan ƙarancin kuɗi. Daular Abbasiyawa ta raunana, Buwaihiyawa sun karɓe Bagadaza a 945, fatauci ya karkata zuwa Masar ta Faɗimiyawa, Yahudawan Iraƙi da yawa suka yi hijira yamma. Wani dalilin kuma nasarar Geonim ɗin ce da kanta. Sun yaɗa Talmud da bayaninsa har Ƙairawan da Ƙurɗuba suka samu malaman da ba sa buƙatar jiran amsa shekara guda. Hai ya rasu a 1038, kuma wannan shekara ce aka saba ɗauka a matsayin ƙarshen zamanin.

Laƙabin bayan 1038

Muƙamin bai mutu nan take ba. A Falasɗinu, Shalomo ben Yehuda ya riƙe shi daga 1025 zuwa 1051, Daniyel ben Azariya ya gaje shi zuwa 1062. Da Saljuƙawa suka kama ƙasar a shekarun 1070, makarantar ta ƙaura zuwa Taya a gaɓar Labanan, daga nan zuwa yankin Dimashƙa, sannan a 1127 Masliyah ha-Kohen ya kafa kansa a Fusɗaɗ da laƙabin Gaon. A Bagadaza ma an farfaɗo da shi a ƙarni na 12. Mafi shahara a wannan jeri shi ne Shamu'el ben Ali, wanda ya rasu a 1194, kuma matafiya biyu, Binyamin na Tudela da Petahya na Regensburg, sun bayyana irin ƙasaitar da suka gani a makarantarsa. Ya yi jayayya da Musa bin Maimun, wanda bai ɓoye ra'ayinsa ba cewa laƙabi da kujera ba su ne ilmi ba. Jerin Geonim na Bagadaza ya ci gaba har bayan da Mongol suka ci birnin a 1258, kafin labarinsu ya yanke a ƙarshen ƙarnin.

Tun a ƙarni na 11 aka fara kiran malaman da ba su taɓa riƙe kujerar ba da sunan, kamar Nissim Gaon na Ƙairawan, ɗan Yaƙub ɗin nan da ya rubuta wa Sharira. Musa bin Maimun kansa ya yi amfani da kalmar Geonim ga dukkan manyan malaman da suka zo bayan Talmud, har da na Andalus da Faransa. A Turai ta Gabas sai ta zama kirarin da ake sa wa kusan kowane babban malami a kan wasiƙa, har ta fara rasa nauyinta. Duk da haka akwai waɗanda sunan ya bi su shi kaɗai. Idan aka ce "Gaon" ba ƙari a tsakanin Yahudawan Lituwaniya, ana nufin Eliyahu ben Shalomo Zalman na Vilna, wanda ya rayu daga 1720 zuwa 1797, bai kuma riƙe wani muƙami na hukuma a al'ummarsa ba. Haka nan Yosef Rosen, wanda ya rasu a 1936, an san shi da Gaon na Rogachov. Kalmar ta zama sunan iyali ma a tsakanin Yahudawan da asalinsu Andalus ne, kamar mawaƙin Isra'ila Yehoram Gaon.

Yadda aka san tarihinsu

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, abin da ake da shi kan Geonim bai wuce wasiƙar Sharira, da labarin Natan, da littafin tarihin Ibrahim ibn Dawud na Andalus na wajen 1161, da wasu tarin fatawoyi da masu kwafi suka cire musu sunaye da ranaku ba. Abin da ya canja wannan shi ne ɗakin ajiyar tsofaffin takardu na majami'ar Ben Ezra da ke Fusɗaɗ, wanda ake kira Geniza. Yahudawa ba sa yar da takardar da ke ɗauke da sunan Allah, sai su tara ta a irin wannan ɗaki, kuma busasshiyar iskar Masar ta adana abin da aka zuba na kusan shekara dubu. A 1896 da 1897 Solomon Schechter ya kwashe mafi yawansu zuwa jami'ar Kambirij a Ingila, gutsattsari kusan 190,000. A cikinsu aka samu wasiƙun Geonim na asali, da takardun rikicin kalanda, da littattafan Sa'adiya da Shamu'el ben Hofni da aka ɗauka sun ɓata, da kusan duk abin da aka sani yanzu game da Geonim na Falasɗinu. Daga 1928 Binyamin Menashe Lewin ya fara buga Otzar ha-Geonim, inda ya jera fatawoyin da sharhin bisa tsarin sassan Talmud, ya fitar da juzu'i goma sha biyu cikakku, ya rasu a 1944 aikin bai kammala ba.